Ɗiyanka Ba Su Kwana Bisa Buhun Gyaɗa

Zuwa ga ƙanena Mamman a Yawuri,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aiki, ina lafiyar jikinka? Nan Kebbe kowa lafiya.

Tun shekarar mulkin kai nika sa malam shi rubuto maka takarda, ba ka taɓa amsa ko guda ba, sai aike da baki kamar hakimi. Yanzu wai in saka matarka da ɗiyanka mota su iske ka.

Na tafi Tambuwal da ƙafata na ga motar. Buhunan gyaɗa ne har sama, nan bisa ɗiya za su kwana a hanya. Direba ya ce mani, "Baba, kowa haka shika yi." Na ce ban da jinina. Ka manta ɗiyarka Hassi na tashi ta yi tafiya cikin barci, sai uwar ta ɗaure ƙafarta da tata?

Ayarin jakunan Madugu Ummaru na zaɓa. Matarshi na ciki, kuma kowane zango ana kafa ma mata da ɗiya bukkar tabarmi a ƙasa. Kwana bakwai ne, su yi bakwai ɗin.

Gaida maƙwabtanka, ka sa mu addu'a. Ayari na tashi bayan Salla. In takardarka ba ta iso hannuna ba, ko jakin ma ba su hawa. Ka amsa mani, Mamman!

Wanka,
Garba