Yadda Baba Ya Ɓace a Dajin Tikal

San José, Petén

Zuwa ga ƙanena Nazario,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Leocadia da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya riƙe ƙafarka a kan rufin gidajen nan da kake hawa, ya kawar da idon masu kamen baƙin haure daga kanka a ƙasar mutane. Mu nan muna lafiya, sai zafi da ya matsa mana. Tafki ya ja baya har kwalekwalen maigidana Gervasio yana kwana a kan taɓo, kuma ba wanda ya shuka masara tukuna. Ƙafar Gwaggo Remedios ta yi sauƙi, bakinta kuwa ka san dama bai taɓa ciwo ba.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya, da na ɗauko zancen Baba sai ka ce tsufa ne kawai, ana kiranka wurin aiki. To, ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe.

Asabar ɗin da ta wuce zumuntar matan cocinmu ta ɗauki mota ta kai tsofaffi Tikal, kufan tsohon birnin nan da ke cikin daji, tare da ɗan jagora. Ban so zuwa da Baba ba, amma kafin in hura wuta ya riga ya sa farar rigarsa da malfa, yana zaune a ƙofar gida. Gwaggo ta ce, “Ke Eufemia, ƙyale shi ya je ya gaida sa'o'insa, ai da shi da duwatsun can tare suka yi yarinta.” Baba ya ce idan haka ne ita ce ta yi musu raino. Da na ga yana mayar da magana daidai, sai hankalina ya kwanta, na ɗaure wainar masara da wake muka tafi.

Ɗan jagoran sunansa Abelino, mutumin Uaxactún, zai yi sa'anka. Tun a bakin ƙofa ya ja mana kunne kada kowa ya sauka daga hanya, ko da fitsari ne ya matse shi. Da safe komai ya tafi daidai. Baba yana tafe yana shafa tsofaffin tsagar da masu tatsar ƙaro irinsa suka bari a jikin itatuwa, da ya ji uban Abelino ma wannan aikin ya yi, sai hira ta ɓarke tsakaninsu. Na daɗe ban ga fuskarsa a sake haka ba.

Da rana ta take muka zauna cin abinci a inuwa, gefen babban filin da ke tsakanin dogayen gine-ginen nan biyu. Baba ya taɓa ni ya ce, “Ina yaron nan?” Na ɗauka Abelino yake nufi, na ce yana nan kusa. Daga nan Gwaggo ta ce in raka ta bayan gida, na bar shi cikin mata yana tauna. Da muka dawo sai malfarsa kawai a kan benci. Wannan ta ce ta ɗauka ya bi mu, waccan ta ce ita tana raba kunu. Na zaga filin ina kira, Turawa suna kallona, na leƙa duk wani lungu da mutum zai iya shiga. Babu Baba.

Abelino bai tsaya faɗa da kowa ba. Ya kira masu gadin wurin, suka rarrabu kan hanyoyi, ya sa matan suka zauna wuri ɗaya. Ka san dajin nan, Nazario. Mutum ya yi taku kaɗan daga hanya ya juya, ko'ina iri ɗaya ne, ga macizai cikin busasshen ganye, ga ba ɗigon ruwa a wannan wata. Duk labarin waɗanda suka shiga ba a ƙara ganinsu ba sai da ya dawo mini. Mata suka kama addu'a. Gwaggo ta rungume malfar nan ta yi shiru, kuma shirunta ya fi komai tayar mini da hankali. Rana tana ta karkata, birai suna ruri a saman itatuwa har ba ka jin kiran da ake yi, sannan hadarin da muka yi wata da watanni muna roƙo ya tashi haɗowa daga gabas. Abelino ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce mini a hankali idan ruwan nan ya sauka sawu ya tafi ke nan.

Wata mai sayar da ruwan sha ce ta ba mu bakin zaren. Ta ce wani tsoho ba hula ya tsaya wurinta, ta miƙa masa ruwa ya ƙi, yana tambaya ko ta ga wani ƙaramin yaro mai gajeren wando, sunansa Nazario. Ya ce tare suka zo, uwarsa tana jira a gida. Nan na gane kai yake nema. Innarmu da ta daɗe a kabari, kai kuma da furfura ta fara fito maka.

Ta nuna mana inda ya bi. A bakin dajin Abelino ya ga reshe a karye yana reto, can gaba ga wani. Ya ce haka masu ƙaro suke yi don kada su ɓata hanyar dawowa, kan Baba ya manta shekara amma hannunsa bai manta aiki ba. Ya ce in jira a nan. Na ce masa sai dai ya ɗaure ni. Muka shiga da mai gadi ɗaya, ƙaya tana yagar mini siket, wani wurin alamar ta ɓace sai mun yi ta zagaye kafin mu ga ta gaba. Daji ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba, iska ta taso. Can mai gadin ya ɗaga hannu muka tsaya cik. Murya ce a dishe, da ƙyar take fita, tana kiran “Chayo, Chayo,” sunan da rabon da in ji shi tun kana tsere wa wanka.

Mun same shi a cikin wani ƙafaffen kududdufi, takalmi ƙafa ɗaya, leɓɓansa sun tsage, ƙwaurinsa duk jini. Na ruga zan rungume shi, ya ɗaga mini sanda. Bai san ni ba, Nazario. Ya ce, “Baiwar Allah, matsa, ɗana nake nema.” Na ce ni ce Eufemia, ya ce Eufemia tana gida tana niƙa. Ya ƙi ruwa, ya ƙi tashi, ya ce da wane ido zai dubi uwar yaro idan ya koma shi kaɗai. Mai gadin ya ce mu ɗauke shi da ƙarfi, Abelino ya ce zuciyar tsoho a wannan hali ba za ta ɗauki kokawa ba. Aka yi tsawa, ɗigon farko ya faɗo.

Sai Abelino ya cire hularsa da katin aikin da ke rataye a wuyansa ya miƙo mini. Ya durƙusa gaban Baba ya ce, “Baba, ga ni. Ni ne Chayo.” Ban san ko sandar ce za ta sauka a kansa ba. Baba ya daɗe yana dubansa. Ya shafa fuskarsa, ya kama kunnensa ya murɗa, ya ce, “Ɗan banza, ina ka shiga? Ka san irin neman da na yi maka?” Sai ya fashe da kuka. Daga hannun Abelino ya yarda ya sha ruwa, a bayansa kuma ya fito daga dajin, ruwa yana dukanmu, Baba kuwa yana ta yi masa faɗa a kunne. Da Gwaggo ta hango mu sai bakinta ya dawo, tana kuka tana cewa, “Tsohon kawai, ka so ka riga ni ne don a ce ka fi ni wani abu?”

A mota Baba ya ƙi sakin hannun Abelino. Bawan Allahn nan ya bar hanyar gidansu ya biyo mu har San José, ya zauna bakin ragar lilon da Baba yake kwana a ciki sai da barci ya ɗauke shi. Washegari Baba ya gane ni sarai, bai tuna daji ba, sai dai ya tambaye ni me ya sa ka tafi ba ka karya ba. Mun kai shi wurin likita. Ciwon ƙafar zai warke, amma ya ce mantuwar ciwo ce, gaba za ta yi ta yi. Yau Baba yana nemanka, akwai ranar da ba zai san akwai wanda zai nema ba.

Na san idan ka fito ba lalle ka iya komawa ba, na san bakunan da kake ciyarwa, kuma ba zan ce maka ga abin da za ka yi ba. Amma na tsaya cikin ruwa ina kallon ubanmu yana kuka a kafaɗar ɗan wani, kuma ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba.

Ka gaida Leocadia, ka shafa mini kan Ofelia da Tadeo. Gervasio yana gaishe ka, Gwaggo ma haka. Na gaya wa Baba ina rubuto maka, ya ce in faɗa maka kada ka bari duhu ya same ka a waje.

Yayarka,
Eufemia Chayax