Idon Sale na hagu

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na san abin da na yi.

Ni haifaffen unguwar New Bell ne a Douala, aikin biro nake yi, wato ofis. Duk Lahadi ni da abokaina huɗu muna zama mu yi abin da ake kira jeu de rôle: kowa ya ɗauki jarumi a takarda, ni in ba da labari, a jefa ƙwayar lido a ga wanda ya yi nasara. Ni ke rubuta dokokin. Bara na ce wallahi na gaji da takubban Turawa, dambe zan sa. To me na sani a dambe, ni da ban taɓa ɗaure hannu ba? Sai na je wajen maƙwabcinmu, zan kira shi Sale, mahauci ne daga Najeriya, ɗan damben da ba a taɓa kai shi ƙasa ba a Douala.

Mutumin nan ya sake da ni. Ya nuna min tsayuwa, ya nuna min yadda ake kare fuska, yana min tsiya wai hannuna kamar na amarya. Ran nan na tambaye shi me ya sa kullum yake karkata kai in ya shiga fili. Ya ce, "Akawu, idona na hagu ya mutu tun da sa ya haure ni. Daga Ladi matata sai kai kuka sani."

Ni kuwa da shegen son a ce wasana ya yi kama da gaskiya, sai na sa shi a doka. Na ƙirƙiro jarumi mahauci mai karkata kai, na rubuta a takardarsa cewa duk wanda ya kawo masa naushi ta hagu a ƙara masa maki uku. Suna kawai na canza. Abokai suka yi ta dariya, ɗaya daga cikinsu, Musa, ya ce, "Mon frère, ɗan'uwa, ai wannan Sale ne!" Na ce a'a, amma ni ma dariyar nake yi. Ya aka yi na manta wan Musa ɗan dambe ne?

Bayan Babbar Sallah aka haɗa shi da Sale a wani fili a unguwar Village. Ina tsaye ina kallo, wan Musa sai zagayawa yake ta hagu, ta hagu. Naushi ɗaya Sale ya faɗi. Muƙamuƙinsa ya karye, kunnensa na hagu ba ya ji har yau, dambe kuma ya ƙare masa.

Ya gane tona shi aka yi. Da na je duba shi, da ƙyar yake magana, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai mai ilimi ne, ba za ka yi min haka ba. Ladi ce, bakinta ba ya shiru." Wallahi haka na tashi na fito, na bar shi yana zarginta. Ladi ta rantse ta yi kuka, ya tura ta gidan yayarta a unguwar Ndogpassi, da cikin wata shida.

Kunya ta hana ni bin ƙofar gidansa, sai jiya ya aiko aka kira ni. Ya ce tunda shi bai iya rubutu ba, in zo ranar Juma'a bayan masallaci da takarda da alƙalami, ni zan rubuta mata saki.

Yau Laraba. Me zan yi?