Kafin Doyar Baba Aper Ta Iso Rugarmu

Assalamu alaikum Malama Munira. Don Allah ki taimake ni da shawara, lokaci na neman ƙure mini.

Ni ɗalibi ne, ina karatun aikin gona a Shabu. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne, rugarmu tana wajen Doma. Muna da maƙwabci manomi ɗan ƙabilar Tibi, Baba Aper. Tun kafin in yi wayo, duk shekara in ya gama kwashe amfanin gona sai ya aiko mana da doya. Doyar nan ita ce sanarwar cewa gona ta buɗe. Sai Baffa ya kora shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki, Inna kuma ta aika wa matarsa man shanu.

Watan jiya ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shirya muhawara kan batun nan da ake ta cece-kuce a kansa, wato ko a hana yawon kiwo a killace shanu wuri guda. Ƙuri'a aka jefa, na faɗa ɓangaren masu cewa a hana. Na yi shiri sosai, na kuma yi magana da ƙarfi, har na ce zamanin bin shanu da sanda ya wuce. Fanen, ɗan Baba Aper, wanda babur ɗaya muke hawa zuwa makaranta, ya ɗauki daidai wannan wurin a waya, ya yaɗa, ya rubuta wai ga ɗan Fulani ma ya faɗi gaskiya.

Bidiyon ya riga ni isa gida. Kawunnaina sun ce boko ya cinye ni. Baffa ba ya ɗaukar wayata, amma ƙanwata Asma'u ta gaya mini ya ce in doyar bana ta zo zai mayar da ita, tunda gidan Aper sun mai da shi abin dariya. Ga dawa ta kusa isa girbi. In ya mayar, da rani sai shanunmu sun yi nisa neman abinci, ta wuraren da ba a san mu ba, kin kuwa san abin da hakan kan jawo.

Abokaina sun ce in yi wani bidiyon, in ce ƙuri'a ce ta sa ni. To, rabin abin da na faɗa na yarda da shi. Ni da Fanen ko gaisawa mun daina, motar haya nake bi yanzu. In janye maganar, ko in tsaya a kanta?

Ɗan Makiyayi, Shabu

Wa alaikumus salam ɗana.

Matasa da yawa suna zaton hanya biyu ce kawai a irin wannan muhawara: ko ka goyi bayan mutanenka baki ɗaya, ko ka ci amanarsu. Kawunnanka haka suka ɗauka, Fanen ma haka, kai ma tambayarka a kan wannan zaton ka gina ta.

Dubi abin da ake jayayya a kai. Manoma suna kuka da shanun da ke shiga gona tun amfani yana tsaye, kuma kukansu gaskiya ne. Makiyaya suna tambayar ina filin, ina ruwan, wa zai ɗauki nauyin abincin dabbobi in an killace su, ita ma tambaya ce da ke buƙatar amsa. Amma shanun da suka shiga gona bayan girbi, da gayyatar mai gonar, ba su ake wa ƙorafi ba. Tsarin Baffanka da Baba Aper yana cikin abubuwan da ɓangarorin biyu ke nema. Kana iya yarda cewa kiwo zai sauya, ka kuma kare wannan tsarin.

Saboda haka kada ka yi bidiyo na biyu. Zai zama ƙarya, kuma ba mutanen waya ne suka ji ciwo ba. Mahaifinka ne, wanda da wannan sandar da ka ce zamaninta ya wuce ya kai ka makaranta, sannan a wayar wani ya ji ra'ayinka. Fushinsa yana da dalili. Sai dai mayar da doyar hukunta Baba Aper ne a kan abin da bai yi ba.

Shi kuwa Fanen, ina jin yabo ya nufa, amma ya yanko maganarka ya kafa hujja da ita ba tare da izininka ba. Ka same shi ka faɗa masa haka, ba da faɗa ba. Ka nemi ya goge bidiyon, kuma bana shi da kansa ya ɗauko doyar ya kawo ruga, ya gaida Baffa.

Kai kuma ka riga doyar isa gida. Tunda ka iya muhawara, ga aikin da nake ba ɗalibaina: ka zauna gaban Baffa, ka faɗi hujjar makiyaya da bakinka, dalla-dalla, har sai ya ce haka ne. Kafin nan kada ka kawo taka. Wataƙila ba zai sauya ra'ayi kan killace shanu ba, ba kuma shi kake nema ba. Abin da kake nema shi ne Inna ta sa doyar nan a wuta.

Je ka gwada a wannan makon, tun dawa tana tsaye. Allah ya sanyaya zuciyar Baffa, ya ba ka sa'ar karatu.

Malama Munira