Sun Karɓi Gyaran

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Umma, ya mutanen Mandawari?

Ina lafiya, sai ɗan rama. A wurin aiki an ba ni gyaran wani sashe na manhajarmu ta kwamfuta, wanda masu amfani ke shiga ta ko'ina, in haɗe mashigarsa wuri ɗaya. Gwajin farko komai ya tsaya. Shugabana ya ce, "Bahijja, in bai tashi ba, kwantiraginki ya ƙare."

Na koma ina canzawa kaɗan-kaɗan ina gwadawa, yadda ka koya mini a shagonka. Jiya suka karɓa, zan ci gaba da aiki.

Na gode, Allah ya saka da alheri. A aiko mini da daddawa. Umma kuwa, ka gaya mata ƙarshen labarin kawai.

Ƙanwarka,
Bahijja, Dublin