Kafaɗar Mama

Litinin, 7 ga Oktoba

Malamar Turanci ta ce kowa ya zaɓi kalma ɗaya ya bi ta har ƙarshen zango, duk inda ya tsince ta ya rubuta. Na zaɓi shoulder, wato kafaɗa. Ta tambayi dalili, na sunkuyar da kai. Yaya zan ce mata duk littafin soyayyar da na aro a laburare sai yarinyar ta ɗora kai a kafaɗar saurayinta? A jirgi, a bakin teku, ko'ina. Ni tagar bas kaɗai na taɓa jingina wa kaina.

Da Hausa nake rubutun nan saboda ƙanena Abdoulaye, sarkin sa-ido. Yana ji, amma ba ya iya karantawa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Laburare tun safe har la'asar. Ita kaɗai ce ranata. Sauran kwanakin makaranta, girki, Abdoulaye, da ɗakin nan mai taga tana kallon bango.

Na dawo na iske Mama tana fama da ɗaurin kallabi da hannu ɗaya. "Miƙo min man zafi. Kada Babanku ya ji."

Lahadi, 13 ga Oktoba

Baba da ke tuƙa tasi ya ce gefen babbar hanya ma shoulder ne, inda mota ke tsayawa in ta lalace. "Kana nan, kowa na wuce ka." Na rubuta.

Laraba, 16 ga Oktoba

Asibiti. Ni ce tafinta, kamar kullum, don likitocin ƙasar nan Turanci kawai suke ji.

Tun a hanya Mama ta ja min kunne: "Ki ce wa likita ɗan tsami ne, ya ba ni ƙwaya kawai." Na san dalili. A shagon kitson Anti Nimatu da ke titin 125, inda Mama ke aiki, kujera ba ta jiran mai ita. In makitsiya ta yi fashin Asabar, sai a ba wata, kwastomomi kuma kujerar suke bi. Sai dai in 'yarta ta riƙe mata. 'Yarta. Ni ke nan.

Likita ya ce ta ɗaga hannu. Ko kunnenta bai kai ba ta ciji leɓe. Ya juyo gare ni: tun yaushe? In na ce ɗan tsami, Asabar ɗina tana nan. Wallahi na yi wannan tunanin, Allah ya yafe min. Sai na ji bakina yana cewa tun bazara, ba ta kwanciya ta wannan ɓangaren, ludayi ma faɗuwa yake daga hannunta.

Ya ce jijiya ce ta yi rauni, babu kitso sai ta warke. Mama ba ta jin Turanci, amma ta ji tsawon maganata. "Nadia, ɗan tsamin ne ya yi wannan tsayi?"

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ba ta min magana. Abdoulaye take aikowa: "Ka ce wa tafinta ta sauke tukunya." Cold shoulder, in ji Turawa. Na samu wata ma'anar, ban ji daɗin samunta ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Shago. Ina shiga, sai Anti Nimatu ta ce da muryarta ta mutanen Kumasi: "Ei, 'yar boko ta sauko! Yatsun nan sun iya wani abu ban da buɗe shafi?" Kowa dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mama ta zauna a gefena tana nuna min tsaga da kibiya a hannun hagu, ni ina kitsawa da gashin doki. Kai ɗaya tal, tun safe har la'asar. Ƙofar gilas ce, ina ganin mutane suna tafiya inda suka ga dama.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kafaɗuna wuta suke. Haka Mama take ji duk shekarun nan?

Laburare sun aiko in mayar da littafinsu. Ko rabi ban kai ba, ban san ko saurayin ya dawo wa yarinyar ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wata kwastoma ta dubi madubi ta ce layin ya miƙe sosai. Mama ta taɓe baki ta ce wa Anti Nimatu, "Hannuna ne ta sata." Ba ni ta kalla ba, amma na ji.

A jirgin ƙasa, ko tasha ɗaya ba mu yi ba barci ya ɗauke ta. Kanta ya gangaro kan kafaɗata, daidai inda ke min ciwo. Ashe kai na da nauyi haka. Babu littafin da ya taɓa faɗa. Kallabinta na ƙanshin man zafi.

Tasharmu ta zo. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Ban motsa ba.

Sai can cikin unguwar Bronx ta farka tana faɗa: "Ke wace irin sakara ce? Karatun nan ne ya ɗauke miki hankali ko?" Na ce eh. Littafin yana ƙasan jaka, ƙarƙashin gashin doki.

Har yanzu ina son Asabar ɗina. Ina ji dai.

Wannan ba zan sa wa malama a aikinta ba.