Na Je Kwarin da Ka Zana a Takanamat

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iso hannunka ba, balle ka sa tabarau ka bi ta da jan biro kamar yadda ka saba yi wa ɗalibanka 'yan lakwal. Zan rubuta dai, don tambayoyi sun yi mini yawa.

Gida lafiya. Mama ta soma fita, har tana zuwa majami'a. Ƙanena Iliya ya gyara mobilet ɗinka yana hawa. Bana ma ruwa bai yi ba, mutanen arewa sun sake kafa bukkoki a bakin Tawa.

Wata uku bayan rasuwarka muka buɗe akwatinka na ƙarfe. Na baje zane-zanenka a tsakar gida, wasu a kan kwali, wasu a kan buhun gari da ka wanke ka ɗame a katako. A ranar na lura cewa duka na lokacin ɗari ne. Babu damina ko ɗaya. Ga duwatsun Adar jajaye, ga karan gero a tsaye bayan girbi, ga gawo ya yi kore shi kaɗai. Me ya sa, Baba? Don hutun Kirsimeti ne kawai ke ba ka sararin fita daji? Ko akwai abin da kake gani a hasken safiyar sanyi wanda mu ba mu gani? Kuma me ya hana ka sa mutum ko ɗaya a ciki?

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. A lokacin fari na farko, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, haushinka nake ji. Mutane na cin 'ya'yan anza masu ɗaci saboda yunwa, kai kana dama fenti. Babban zanen nan na tabki da ka yi ta nema, ni na ɗauka. Na kai wa wata mata mai jego a bukkokin bakin gari, ta toshe inda iska ke shiga. Ka tambayi kowa a gidan, ni ce kawai ka tsallake. Ka sani ne?

Makon jiya na ɗauki wani zane da ka rubuta Takanamat a bayansa, na shiga motar kasuwa. So nake in tsaya inda ka tsaya. Na yi ta nuna wa mutane suna girgiza kai, har aka haɗa ni da wani dattijo, Malam Shaibu. Ya riƙe kwalin ya duba, sannan ya tambaye ni ko ni 'yar Mushe ce, malamin makarantar nan mai fenti.

Ya kai ni kwarin da ƙafa. Baba, da ni kaɗai ce da na wuce ban gane ba. Dutsen na nan, amma itatuwan babu, sai kututture da rairayi. Malam Shaibu ya riƙa ɗora yatsa a kan zanen yana nuna mini ƙasa. Nan gawon kakansa yake, nan aduwar da mata ke hutawa in sun dawo daga rijiya, nan magaryar da aka sare wa awaki da yunwa ta yi tsanani. Ya ƙirga su, ya ce ba ka bar ko ɗaya ba, ba ka kuma ƙara ba.

Ya ce safiya uku ka yi a wurin, kana lulluɓe da bargo, yatsunka sun sandare har sai da mutanen garin suka hura maka wuta. Wai ba ka zana itace sai ka tambayi sunansa da na mai gonar. Sun ɗauka gwamnati ce ta aiko ka, sai da suka ga kana shan fura da su hankalinsu ya kwanta. Na tambaye shi ko ka taɓa gaya masa dalilin son ɗari. Ya yi dariya ya ce shi ma ya tambaye ka, kai kuma ka ce ya matsa, ya tare maka haske.

Da zan tafi ya roƙe ni in bar zanen ya kwana, don jikokinsa ba su yarda an taɓa yin inuwa a kwarin ba. Na ce ya riƙe, nasa ne. Karo na biyu ke nan ina ba da aikinka ban tambaye ka ba. Wannan karon dai na faɗa maka.

Saura da yawa a akwatin, kowanne da sunan gari a bayansa. Iliya ya ce zai kai ni Affala ranar kasuwa.

Ka huta lafiya, Baba.

Ni ce 'yarka,
Rahila