Zaman sauraron na'urar Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau a darasin kwamfuta Malama ta haska aikina a allo. Lissafin maki ne, amma ya ba kowa sifiri. Ajin ya fashe da dariya. Na koma kujerata, kunnuwana kamar za su kama da wuta. Ƙarshen wata ake barin mutum ya canza darasi. Zan bar wannan. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ta dawo daga jami'a da jaka cike da wayoyin lantarki. Injiniyancin kayan asibiti take karanta. Aikinta na bana wata 'yar na'ura ce da ake maƙalawa a yatsa ta ƙirga bugun zuciya. Ta gwada a yatsan Baba, na'urar ta nuna babu bugu ko ɗaya.

Baba ya ce, "Ikon Allah! Ashe na rasu, ba wanda ya sanar da ni?"

Yaya ta fi kowa dariya. Da ni ce, da tuni na shige ɗaka.

Asabar, 8 ga Maris

Ta kira ni teburin cin abinci. Wai malaminsu ya ce idan aiki ya ƙi, a samu mutum a yi masa bayanin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi, da ƙarfi. Na ce ai ban san komai ba. Ta ce, "Auta, shiru kawai za ki yi. A gidan nan wa ya kai ki?"

Na zauna, ta fara: "Nan na ce ta karɓi haske. Nan na ce ta jira. Nan na ce idan..." Sai ta tsaya, ta dafe goshi. Ta manta ta gaya wa na'urar abin da za ta yi idan yatsa ya motsa. Ta rungume ni wai na taimaka. Ko tari ban yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba ya dawo da rai, na'urar ta nuna bugunsa. Allah ya saka wa Yaya da alheri.

Alhamis, 13 ga Maris

Kullum bayan makaranta ina zaman sauraro. Na lura ba ta taɓa cewa "na kasa". Cewa take, "A wane layi ya fara ƙin ji?" Babbar matsala sai ta yanka ta ƙanana, kamar mai tsinke zare daga ƙulli. Na tambaye ta ko ba ta jin kunya a gaban 'yan ajinsu. Ta ce kwamfuta ba ta raina mutum, abin da ka ce mata kawai take yi.

Na so in faɗa mata zancen canza darasi. Sai na fasa.

Talata, 18 ga Maris

An sake haska aikina, ya sake ƙi. An fara ƙus-ƙus a baya. Na miƙe, sai na ji muryata tana cewa, "Nan na ce ta tara maki. Nan na ce ta raba..." A layi na gaba na gan shi. Na gyara a tsaye, Malama ba ta sa baki ba.

Ba wai na ce ina son darasin ba. Kawai dai an ce mako mai zuwa za a fara sabon babi, kuma bai kamata mutum ya tafi bai ga ko mene ne ba.